Taraktar da Ta Yi Takaba Tare da Ni

Shanu muka sayar muka saye ta. Ba su da yawa, amma na gado ne, kuma surukata, wadda muke kira Inna, ta san kowace saniya da uwarta da kakarta. A shekarun da aka fara kore wa mutane dabbobi a yankinmu na Karare, maigidana ya zauna ya yi tunani, ya ce gara ya rabu da su da hannunsa ya ga abin da suka zama, da a wayi gari a tarar da turaku babu komai. Da kaka ta yi, shanun sun murje, ya kai su kasuwa, ya haɗa da abin da gyaɗa ta ba shi, ya tafi Katsina wurin wani dila. Ya dawo a kan tarakta ja, matsakaiciya, da haro na farfasa ƙasa a bayanta.

Inna ta daɗe ba ta ko kalli inda aka ajiye ta ba. Sai da ya ce mata, "Inna, wannan saniyar ba a kora ta da sanda," sannan ta fito, ta zagaya ta, ta dafa ƙarfen da tafin hannu kamar mai jin zafin jikin dabba. Ta ce, "To, nagge ce." Nagge saniya ke nan da Fillanci. Daga ranar ba ta sake kiranta da wani suna ba.

Yana da wata al'ada. Duk yamma idan ya kashe ta, sai ya kife gwangwanin madara a bakin salansa, wannan bututun hayaƙi da ke kallon sama, don kada ruwan sama ya shiga cikin inji. Da safe ba ya cire shi. Sai ya tayar da ita, hayaƙin farko ya cilla gwangwanin sama, ya miƙa hannu ya cafe. Wani lokaci ya kuskure, ya sauko yana nema cikin ciyawa yana dariya shi kaɗai. Ni ma ina da tawa. Ina jin ƙararta tun daga nesa, kafin kowa ya ji. Da na ji, sai in cika bokiti da buta in kai bayan ɗaki, in ajiye sabulu, domin ba ya cin abinci da baƙin mai a hannu.

Da zama ya gagara a ƙauye, a kanta muka tashi. Aka ɗaura tirela, aka loda gadaje da tukwane da buhunan gero, Inna a sama rungume da ƙwaryarta, muka nufi Safana gidan yayan maigidana, wanda ni ma Yaya nake ce masa. Shi ɗan kasuwar gyaɗa ne, ya ba mu ɗakuna biyu. A can taraktar ta ciyar da mu. Maigidana yana yi wa mutane haro da huɗa a gonakin da ke kusa da gari, inda ake iya zuwa, ana biyansa, wani da kuɗi wani da hatsi idan kaka ta yi.

A farkon damina ta biyu taraktar ta fara wata ƙara da ba tata ba, ƙwas-ƙwas daga can ciki, kamar ana buga ƙofa da ɗan dutse. Ina tsakar gida na ji shi yana waya da dilan. Na ji yana cewa, "To, Alhaji. To. Na ji." Da ya gama ya ce mini an ce ya kashe ta, kada ya sake tayarwa, za a turo makaniki, kuma tana cikin garanti, wato gyaran a kansu yake. Ya ajiye ta a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, ya kife mata gwangwaninta. Makaniki bai zo ba. Aka ce hanya ba kyau, a jira ta lafa. Ba mu ga laifinsa ba, don mu ma mun san hanyar.

Yana cikin wannan jira, ranar wata kasuwar Batsari, ya hau babur ya tafi. Yadda aka yi ba zan rubuta ba. An kawo shi da la'asar, aka yi masa sutura kafin magariba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Na shiga takaba ana tsakiyar marka. Daga ɗakin da nake ba a ganin ƙofar gida, amma idan ruwa ya sauko ina jin ɗigon darbejiya yana faɗa wa gwangwanin nan, tin, tin. Ban gaya wa kowa ba, amma ina sauraronsa.

Malamin da zai raba gado ya ce sai na fita takaba, kamar yadda aka saba. Kafin nan, duk abin da mamaci ya bari ya zauna inda yake. Yaya mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, kuma shi ne aka ɗora wa riƙon yaranmu uku. Ko fartanyar ƙanensa bai bari an ara ba. Wani maƙwabci mai babbar mota ya ce a ɗora taraktar a kai ta Katsina, tunda makaniki ya ƙi zuwa. Yaya ya ce, "Dukiyar marayu wuta ce. In na ɗora ta a mota aka tare hanya, me zan ce wa Ubangiji?" Aka ce to garantin fa? Ya ce, "Alkawari ne tsakanin Musulmi biyu. Alkawari ba tumatir ba ne da zai ruɓe." Duk wanda ke wurin ya ce gaskiya ne. Ni ma da aka kawo mini maganar a ɗaki, haka na ce.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ta a waɗannan watanni. Wata iska ta taso ta jefar da gwangwanin, Inna ta fita cikin yayyafi ta tsinto shi. Ba ta kai tsawon salansar ba, sai ta jawo turmi ta taka, tsohuwa da ita, ta kife shi, ta yage bakin tsohon zanenta ta ɗaure shi tamau. Yaya ya yi mata magana, ta ce, "Ni ban taɓa dukiyar kowa ba. Saniyar ɗana na rufe wa baki." Duk Juma'a kuma takan share kujerar taraktar da gefen mayafi.

Na fita takaba an gama shigar da amfanin gona. Malam ya zo, aka zauna a zaure, aka lissafa abin da marigayin ya bari, ba wani mai yawa ba. Da aka zo kan tarakta malam ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce idan tana aiki, magada suna iya barinta a dunƙule, a riƙa ba da ita haya ana raba abin da ta samo, kowa da rabonsa. Idan kuwa matacciya ce kuma ba halin gyara, ba a raba ƙarfe da wuƙa, sai a sayar a raba kuɗin. Ya ba mu zuwa bazara, kafin ruwan farko. Wani makanikin cikin gari ya saurari bayanin ƙarar, ya ce injin ya buga, sai an sauke shi gaba ɗaya. Da ya faɗi abin da aikin zai ci, Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na san idan aka sayar da ita a matsayin matacciya, kuɗin zai bi tukunya ya ƙare kafin wata damina, kuma shanun Inna sun tafi ke nan har abada.

Na ce wa Yaya mu je wurin dilan. Ya ce shi zai je. Na ce, "Yaya, ni na ji wayar da kunnena. A bar ni in bi ka." Ya dube ni, ya ce to.

Muka shiga motar kasuwa da safe. Wurin dilan babban fili ne, sababbin taraktoci a jere, kujerunsu a naɗe cikin leda. Na kawar da ido daga jajayen. Aka shigar da mu ofis. Alhajin dattijo ne mai furfura a gemu, siriri, da tabarau a kan hanci. Yaya ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, sannan ya miƙa masa takardar sayen. Ya duba, ya juya ta, ya girgiza kai.

"Malam, ai wannan ta wuce. Tun kaka garantinta ya ƙare. Na tuna mai ita sarai, dogon nan mai dariya, wanda ya ce in rage masa don shi shanu ya sayar ba gwal ba. Ya kira ni da damina. To don me ya yi shiru? Ko ya kai wa na bakin hanya sun ɓata, shi ne ya ji kunya ya turo ku? Ku ce masa ya zo da kansa, ba zan cinye shi ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Alhaji, ai ya riga mu gidan gaskiya. Ga iyalinsa nan."

Alhajin ya cire tabarau. Ya yi salati, ya maimaita. Ya kife takardar a kan tebur, ya ɗaga hannu, muka yi addu'a. Ya juyo wajena ya ce, "Hajiya, ya haƙuri?" Na ce haƙuri sai ma'abocinsa, mun gode Allah. Ya tambayi yaushe, Yaya ya faɗa masa. Ya tambayi yara.

Tun a mota na shirya abin da zan faɗa, na jera shi a raina. Da lokacin ya zo, rabinsa ya gudu. Na ce, "Alhaji, ka ce ya ajiye ta, ya ajiye. Bai sake murza makulli ba. Bayansa ni ina takaba, ita kuma ta zama ta marayu, ba mai ikon motsa ta. Ba sakaci muka yi ba. Ba mu san takarda tana ci gaba da tafiya ba alhali gidan yana tsaye."

Ya daɗe yana murza goshi. Sannan ya ce, "Hajiya, ba zan yaudare ki ba. Masu kamfanin nan suna wata ƙasa, kwanan wata kawai suka sani. Ba su san takaba ba." Ya juya wajen Yaya. "Mahaifiyarsa tana raye?"

Yaya ya ce tana nan.

"To yau ba ranar takarda ba ce. Ba a ba ni labarin mutuwa in amsa da lissafi. Ku gaishe ta. In Allah Ya yarda zan zo in yi mata gaisuwa da kaina."

Ya rako mu har bakin titi. A mota Yaya ya ce, "An sallame mu cikin mutunci, shi ke nan. Wa zai baro Katsina ya bi wannan hanya don gaisuwar da ta kwana biyu?" Ni ma abin da nake gani ke nan.

Sati ya wuce, wani ya bi. Wani mai sayen tsofaffin injina ya ji labari, ya fara zarya. Yana zuwa ya zagaya ta, ya shuri taya, ya taɓe baki, ya ce don marayu ne ma zai saya. Inna ta leƙo ta ce masa, "Kai ɗan nan, in ka sake shurinta sai na sa ta rama." Ya yi dariya, amma tayin da ya yi ba abin dariya ba ne, kuma na ga Yaya ya fara saurarensa. Ban zarge shi ba. Bakuna sun yi masa yawa a gida.

Wata Talata da hantsi ina tankaɗe, aka yi sallama a ƙofar gida. Farar a-kori-kura ce, Alhajin a gaba, wani mutum mai kayan aiki a baya. Ya zo da goro da sabulu da ɗan buhun shinkafa, kamar yadda ake zuwa gidan rasuwa. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, Inna ta fito, Alhajin ya durƙusa har ƙasa duk da furfurarsa. Ya ce, "Inna, na makara." Ta ce, "Gaisuwar mutuwa ba ta tsufa." Aka yi addu'a. Bai ambaci tarakta ba. Sai da aka sha fura, aka yi hirar damina da tsadar taki, sannan ya ce ko za a ba makanikinsa izini ya duba dukiyar yaran. Yaya ya ce an ba shi.

Inna ta ƙare wa makanikin kallo. Ta ce, "Kai ne wanda aka ce yana zuwa, yana zuwa, har gero ya nuna?"

Ya sosa ƙeya. "Ni ne, Inna. Ki yafe mini. Ni kaɗai uwata ta haifa, ita ta riƙe mini riga."

"Ta yi daidai," in ji Inna. Ta juya fuska gefe. "Da ni ma na riƙe ta ɗana."

Makanikin ya ɗauki akwatinsa ya fita, muka bi shi, ni na tsaya daga bakin zaure. Ya hau, ya ga gwangwani ɗaure da tsumma, ya yi ta fama da ƙullin har ya sa haƙori. Ya ce, "Wa ya yi wannan ɗaurin, kamar na ɗan maraƙi?" Inna ta ce, "Wadda ta ɗaure maruƙa tun ba a haife ka ba." Ya leƙa bututun, ya zura waya mai tsumma a baki, ya zaro ta a bushe. Ya kwance wasu ƙusoshi, ya tsiyaye baƙin mai a tasa, ya murza shi tsakanin yatsu a rana. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito ya ce wa maigidansa, a gabanmu, ko ɗigon ruwa bai shiga injin ba, kuma ba a tayar da ita ba tun da aka ajiye. Famfon da ke tura baƙin mai ne ya gaza tun farko, shi ya jawo sauran ɓarnar. Ya ce da an ci gaba da aiki da ita ko na yini guda, da sai dai a sayar wa masu awon ƙarfe.

Muka koma zaure. Alhajin ya ce ya rubuta wa kamfani tun ranar da muka je, sun amsa da abin da ya zata. Saboda haka shi zai ɗauki kayan gyara daga shagonsa, famfon da fistin da ringi da sauran abin da ya lalace a ciki, kuma makanikinsa zai yi aikin a nan ƙofar gida ba tare da an biya shi ba.

Yaya ya fara godiya. Ni kuwa abin bai kwanta mini ba. Maigidana bai taɓa miƙa hannu ba, ko a shekarar da muka baro gida. Na ce daga inda nake, "Alhaji, ka gafarce ni. Sadaka ce, ko haƙƙinsa ne? Ina so in san abin da zan gaya wa yara idan sun girma."

Yaya ya ce, "Haba, ke kuwa."

Alhajin ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Bar ta, tambaya ce mai kyau. Hajiya, sadakata ga ta can, shinkafa da sabulu. Wannan kuwa, ya kira ni tana cikin garanti. Na ce ya jira, ya jira ni, ban zo ba. Ku kuma kuka bar ta don tsoron Allah. Kamfani bai san takaba ba, amma ni uwata ta yi, ina da wayo, na ga yadda gida yake tsayawa. Waɗannan watannin ba zan lissafa muku su ba. Ki ce wa yara haƙƙin ubansu ne."

Na ce na gode.

"Amma fa ba duka ba," in ji shi, ya mayar da tabarau. "Ni ma ɗan kasuwa ne. Akwai ƙarfen da sai an kai Katsina an goge, wannan naku ne. Baƙin mai naku. Batir ma naku, don ba kamfani ya kashe shi ba."

"Alhaji, batir ai jiranka ya yi har ya mutu," in ji Yaya.

"Kai Malam, gyaɗa kake sayarwa ko lauya ne kai?"

Suka yi ta ja, kamar masu cinikin akuya, har Inna ta ce su raba shi biyu su bar mutane su huta. Haka aka yi. Na sayar da tumakina biyu da na zo da su daga Karare, Yaya ya cika sauran daga aljihunsa, ya kira malam ya shaida cewa kyauta ce ga yaran, ba bashi ba.

Aikin ya ɗauki lokaci. Makanikin yana zuwa ya kwana biyu a shagon Yaya, ya koma, ya dawo. Ya shimfiɗa buhuna a ƙarƙashin darbejiya, ya jera kayan cikin injin a kai, Inna tana zaune a kan turmi tana korar kaji. Ta ce ba ta taɓa ganin an feɗe saniya an mayar da kayan cikinta ba, za ta ga ƙarshen abin. Shi kuma kullum sai ya ce furarta ta fi ta Katsina, ita kuma ta ce yunwa ce ke magana.

Ranar da ya gama, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma ruwa bai sauka ba tukuna. Maƙwabta sun taru. An riga an yi magana da wani direba mai amana da zai riƙa aiki da ita, har mutum uku sun kama layin haro. Ni ban fita ba. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, na ce a raina zan ji daga nan.

Taraktar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Sannan ta kama. Ƙararta ce, ta da, ba ƙwas-ƙwas ɗin nan. Na ji gwangwanin da aka mayar mata ya faɗo a ƙasa, don ba wanda ya san ana cafe shi. Na ji mutane suna kabbara. Na ga Inna ta shigo da sauri, ta wuce ni ba ta dube ni ba, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na dai ga kaina a bayan ɗaki, bokiti cike a gabana, buta a gefe, sabulu a hannuna. Na tsaya a wurin har injin ya yi ɗumi, ƙararsa ta daidaita.

Daga nan na ɗauki bokitin na kai bakin zaure. Na ce a gaya wa makaniki ga ruwa ya wanke hannu, abinci ya sauka.